Kwalba Ɗaya a Firjin Rafin Ɗinya

Ku matso nan, ku da kuka wuni kuna musu kan wanda ya kamata ya biya kuɗin magani. Ni dai labarin Rafin Ɗinya, in na tuna shi, abinci fita raina yake yi.

Lokacin cirar gyaɗa ne, kububuwa ta cika gonaki. A ɗakin shan magani na garin, kwalba ɗaya tak ta allurar dafin maciji ta rage a firji, ga ruwa ya cinye gadar zuwa birni. Kafin la'asar aka kawo wa Malam Ilu mai allura mutum uku, duk da sara.

Ɗan'asabe ya shigo da 'yarsa a kafaɗa. Tun yana saurayi yake biyan harajin kasuwa, bai taɓa karɓar ko ƙwayar ciwon kai a wurin ba. Da harajin irinsu aka gina ɗakin, aka sayi firjin da ya hana allurar lalacewa. Ya ce, "Malam, na riga na biya tun kafin a haife ta."

Tabawa ta kawo mijinta a amalanke. Ta sayar da ragonta a hanya, da arha, don dokar wurin ita ce majinyaci ya biya, da kuɗinsa a sayo kwalba ta gaba. Gwamnati ta daɗe da daina aiko da allura. Idan ba a karɓi na Tabawa ba, wanda maciji zai sara gobe sai dai a haƙa masa kabari.

Na uku Mati ne, ɗan acaɓa. Wannan in ya hango mai karɓar haraji, kwana yake yankewa, aljihunsa kuma iska. Amma shi ne ya ɗauko kwalbar daga birni, ya bar babur a bakin kogi, ya tsallako da ita cikin ƙanƙara a ka, ruwa har wuya, ba wanda ya ba shi ko sisi. Yanzu ga shi kwance, jini na tsattsafowa daga dasashinsa.

Malam Ilu ya zuƙe allurar. In ya raba ta uku, duka ukun za su tafi. In ya tsaya tunani, haka nan.

To jama'a, ku ne Malam Ilu. Wa za ku yi wa allurar, su wa kuma za ku bari a yi wa sallah?