Madubin Ubale a Rumbun Haladu

Akwai wani mai ɗaukar hoto a Gumel, ana ce masa Ubale. Wani malamin makaranta da zai koma ƙasarsu ya bar masa madubin hangen nesa, dogo kamar tabarya. Tun daga nan Ubale ya zama ba shi da zance sai na Mushtari, wato babbar duniyar nan da ake gani kamar tauraro.

Da an sallame magariba sai ya kafa madubin a bayan gida, ya ɗaura masa kyamara. Mushtari tana da ratsi-ratsin gajimare da wani jan tabo, kuma suna sauyawa: yau ratsin ya yi kauri, wani satin ya tsinke. Wannan sauyin yake bi da hoto.

To, shekarar 1973 ce, shekarar fari. An yi shuka ta ƙone, an sake. Makiyaya daga Maigatari suna wucewa da shanu duk haƙarƙari a waje. Shi kuwa gogan naka, idonsa na sama.

Wata ranar Laraba hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Mata suka fito da tukwane. A daidai gabas ɗin Mushtari take fitowa, nan kuma madubin yake kallo. Ubale ya yi tsaki, ya ce da ƙarfi, "Kai, wannan hadari ya ɓata mini aiki! Da ma ya watse."

Maƙwabcinsa Haladu, manomi mai 'ya'ya bakwai, yana jin sa ta kan danga.

Sai iska ta taso. Hadarin ya watse, ko ɗigo bai sauka ba.

Kafin azahar ta washegari, magana ta kai har Sule Tankarkar: mai hoto ne yake ɗaure ruwa, madubin nan nasa bindiga ce, da ita yake korar hadari.

Da la'asar Ubale ya ji hayaniya a ƙofar gida. Ya leƙa ta zaure, ya ga mutane da sanduna, wani har da gatari. Matarsa A'i ta rungume jaririnta tana salati. Dutse ya faɗo kan kwanon rufi, wani ya biyo.

"Fito da ita, ko mu cinna wa gidan wuta!" in ji Haladu.

Ubale ya fito. "Wallahi madubi ne kawai. Gajimaren wata duniya nake ɗauka."

Wannan magana ta ƙara hura wuta. Wani ya ɗaga sanda.

Sai Goggo Kande, tsohuwar da ta yanke cibiyar rabin unguwar, ta ratso ta tsaya a gabansa.

"Ku ji tsoron Allah! Ruwa a hannun ɗan Adam yake? Kai kuma Ubale, bakinka ne ya yanka ka. A ɗauke abin nan daga idon mutane har damina ta wuce. Haladu, kai ka ji maganar, kai za ka riƙe amanarsa."

Haladu ya ce ɗakinsa cike yake da yara, ba wuri sai rumbu. Ubale da kansa ya hau tsani, ya ɗaga murfin, ya zura madubin a hankali don kada ya nutse cikin gero.

Madubin ya tafi, ya tafi, har ya daki ƙasa. Ƙwal!

Ya leƙa. Ko zangarniya ɗaya babu. Ya juyo ya ga yaran Haladu a tsaye suna kallonsa, wuyansu kamar kara. Tsoron da ya kama shi a nan ya fi na sanduna.

Danga ɗaya ce tsakaninsu, amma bai sani ba.

Ya sauko daga tsanin. Ya shiga gida, ya kinkimo buhun geron da ya rage masa, ya juye rabi a rumbun, a kan madubin.

Darasi: Kafin ka hango abin da ke nesa, duba na kusa da kai. Abin da ya ɓata maka nishaɗi, wataƙila shi wani yake roƙo da hawaye, don haka ka auna maganarka. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila akwai rumbun da ba a leƙa ba a unguwarku.