Ruwan Da Bunu Ya Kasa Alwala Da Shi

Mijina ya rasu. Tun daga ranar babu mai yin tari a ƙofar gida da yamma yana cewa, "Saude, zo ki karɓi kifi." Tabarmarsa na nan, hularsa na rataye inda ya bar ta. Shi ne babu.

Ban taɓa kiran sunansa ba yana raye, haka aka tarbiyyantar da mu. Yau zan faɗa, don ku san wanda za ku yi wa addu'a.

Akwai wani masunci mai suna Shu'ibu a wani ƙauye na ƙasar Kirikasamma, a bakin kogi. Shi ne mijina. Da rani yana su. Da damina, idan ruwa ya shafe hanya, yana ɗaukar mutane da kayansu a kwalekwale zuwa inda ake hawan motar Haɗeja.

Yana da taubashi, Bunu, ɗan goggonsa. Tare suka taso, tare suka sayi injin jirgi irin na fetur, kowa da nasa, wanda ake gauraya wa baƙin mai. Irin wannan injin cikin ruwa yake fesa hayaƙinsa, sauran kuma ya tashi ya shiga hancin mai tuƙi.

Shekaru suna haka, sai tari ya kama mijina. A asibiti aka ce masa ya rabu da hayaƙi ko ya rabu da ƙirjinsa. Ya sayar da shanunmu na huɗa, ya tafi wurin Ishaku, wani bakanike ɗan Filato da ke gyaran injinan ban-ruwa a Haɗeja. Ishaku ya haɗa masa ƙaramin injin dizal, wanda mu muke ce wa injin gas, ya sa masa doguwar sandar farfela da bututun hayaƙi mai kallon sama. Ya kuma gargaɗe shi: ya riƙa tace mai da ƙyalle, ya ajiye tasa a ƙarƙashin injin don ko ɗigo kada ya taɓa ruwa.

Ranar da aka kawo shi, Bunu ya yi dariya har ya zauna a ƙasa.

"Taubashi, wannan jirgi ne ko injin niƙa? In mun isa ka niƙa mini gero."

"Kawo geron, bawana," in ji mijina. "Amma kai za ka ɗauko garin a ka."

Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Tsakanin taubasai ai wannan ba komai ba ne.

Jirginmu ba ya gudu kamar na Bunu. Amma mata suka fara komawa cikinsa, musamman masu nono da masu kifin banda, don suna sauka ba ciwon kai, kayansu ba warin fetur. Bunu zai tsaya a mashaya yana kiran fasinja har muryarsa ta dushe, su wuce shi su zauna jiran mijina.

Daga nan wasan ya sauya. Kalmomin dai su ne, amma ba dariya a idonsa. Ya daina cin abinci a gidanmu. In na gaishe shi sai ya ce, "Matar mai injin niƙa, an zama manya."

Ba a daɗe da ba mu jihar Jigawa ba aka shiga wahalar mai. Injinmu kaɗan yake sha, muka lallaɓa. Bunu kuwa ya koma sayen fetur ɗin 'yan bumburutu mai haɗe da kananzir, yana ƙara masa tsohon baƙin man da aka juye daga mota. Sauran masu jirage suka bi sahunsa.

A shekarar kifi ya ja baya daga mashayarmu. 'Yan kasuwar Haɗeja suka fara dawo mana da banda, wai tana warin mai.

Sai Bunu ya samu abin faɗa. Ya bi majalisa majalisa yana cewa, "Tun kakanninmu kifi bai taɓa gudu ba sai da aka kawo baƙon injin nan. Dum-dum ɗinsa ke korarsu, gas ɗinsa ke kashe su." Masunta sun ga komarsu fayau, suna neman wanda za su ɗora wa laifi. Suka kai ƙara wurin Sarkin Ruwa, Malam Inuwa.

A wajenmu idan Sarkin Ruwa ya fitar da jirgin mutum daga kogi, babu ƙauyen da zai bar shi ya sa shi a ruwansu. Shanu sun tafi, ƙirji ba ya ɗaukar tsohon injin. In aka hana mu, ba mu da wata hanyar abinci.

Aka taru a mashaya dab da La'asar. Ina can gefe cikin mata.

"Ranka ya daɗe, a fitar da shi yau," in ji Bunu. "Ɗan'uwana ne, amma gari ya fi shi."

Malam Inuwa ya dube shi. "Bunu, ni ban san inji ba. Kai da Shu'ibu ku ɗaure jiragenku a lungun can da ruwa ba ya gudu, nesa da juna. Kowa ya tayar da nasa."

Suka tayar. Aka bar su suna aiki har ladan ya kira salla.

"To, ku kashe. Kowa ya ɗebo ruwan bayan jirginsa a ƙwarya, ya zo nan ya yi alwala, mu tafi masallaci."

Babu wanda bai sani ba: ruwan da launinsa ko warinsa ya sauya, ba a alwala da shi.

Bunu ya ɗebo nasa da ƙarfin gwiwa. Ya daɗe cikin wannan hayaƙin har hancinsa ya daina jin warinsa, shi ya sa da gaske ya ɗauka nasa lafiya lau ne. Sai da ya tsuguna, rana ta haska ƙwaryar, ya ga maiƙo kore da shuɗi yana yawo a kai. Ya hura shi gefe, ya dawo. Ya ɗiba ya kai baki zai kurkure, ya tofar.

Wata tsohuwa mai nono ta ce, "Bunu, haɗiye mana, ai kifi haka yake haɗiyewa."

Aka fashe da dariya. Mijina bai yi ba. Ya riga ya gama alwalarsa, da sauran ruwa a ƙwaryarsa. Ya taka har gaban Bunu ya ajiye.

"Karɓi, taubashi. Kada jam'i ya wuce ka."

Bunu ya daɗe yana kallon ƙwaryar. Sannan ya sa hannu.

Sarkin Ruwa ya hana zuba tsohon baƙin mai da gurɓataccen fetur a kowane jirgi. Sannu a hankali kifi ya dawo.

Ba zan yi muku ƙarya ba, Bunu bai taɓa buɗe baki ya ce a yafe masa ba, kuma ya daɗe yana kauce wa ƙofar gidanmu. Sai da ciwon ƙirji ya kwantar da mijina ya aika a kira shi. Ya ce, "Bawana, zo ka tuƙa mini injin niƙa." Daga kwance ya koya masa tace mai. Bunu ne ya ciyar da gidan nan har ƙarshe.

Ranar rasuwar, ya hana kowa ɗebo ruwan wankan gawa. Shi ya tafi kogi da kansa. Na leƙa ta labule na gan shi a tsakar gida, ya ɗiba a tafin hannu ya sunsuna, ya sake sunsunawa, sannan ya miƙa wa masu wanka. Hawaye na zuba a gemunsa.

Darasi: Mai hassada yana leƙen jirgin ɗan'uwansa, ya manta da ruwan da shi kansa yake ɓatawa. In ka ga wani ya gyara sana'arsa, ka je ka koya, kada ka nemi a kore shi. Kuma kogin da muke sha, muke alwala, muke wanke mamatanmu da shi, amana ne. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu jirage.

Ina roƙonku ku taya ni cewa: Allah Ya jiƙan Shu'ibu, Ya shayar da shi ruwan Alkausara, Ya yafe wa Bunu, Ya wanke zukatanmu daga hassada. Amin.