Mintin Salihu Bai Kai Minti Ba

Akwai wani mutum a wani ƙauye gabas da Bonkuku, cikin ƙasar Kurfai, ana kiransa Salihu. Shi ne rele na garin, wato mutumin da aka horar ya riƙa duba yara marasa lafiya tun a gida, kafin a kai su likita, wato asibiti. Gari kuwa ba ya ce masa rele. Likita ake ce masa, shi kuma bai taɓa gyara wa kowa ba.

Tun kafin wani ya rubuto mini cewa da ni yake kama, ku sani na gaji da sharrinku. Ni hulata ta fi tasa zama, kuma ban taɓa tafiya gona da rigar aiki ba. Salihu ya yi.

Cikin kayan aikin da aka ba shi akwai ɗan agogo mai igiya da ake ratayawa a wuya. Idan yaro na tari, sai a danna shi, a ƙirga numfashin yaron har agogon ya yi ƙara, minti ɗaya ke nan cif. Yaron da ya wuce shekara ɗaya, in numfashinsa ya kai arba'in, ciwon haƙarƙari ne, a ba shi magani nan take. In bai kai ba, mura ce.

Wata rana Salihu ya sunkuya a bakin rijiya, agogon ya tsoma cikin guga. Ya shanya shi a rana, ya girgiza, ya hura masa iska. Agogo ya mutu.

Abin da ya kamata shi ne ya gaya wa majo, babban malamin jinya na likitar Bonkuku. Amma a taron da ya wuce majo ya tsayar da shi gaban sauran rele ya ce su yi koyi da Salihu. Yaya mutumin da aka ce a yi koyi da shi zai koma ya ce ya jefa kayan aiki a guga? Wayarsa na da agogo, amma in ya ciro ta mata za su tambayi abin da ya sami na wuya.

Sai ya ci gaba da rataya shi. Ya danna, ya ɗaure fuska, ya ƙirga, in ya ji a ransa minti ya cika sai ya tsaya. Da wata tsohuwa ta ce ba ta ji ƙarar ba, ya ce mata, "Inna, na rage mashi murya, yana firgita ɗiya."

Wata huɗu ana haka.

Ranar wata Laraba, farkon damina, Habsatu matar Bubakar ta zo daga rugar Fulani da ke bayan gari. Ta goyo ƴarta Amina, mai shekara biyu.

"Likita, tari take, kwana ukku. Ko nono ba ta so. Gobe za mu tashi arewa da shanu, gonaki sun matse mu. Na ce in kawo ka duba kahin mu tahi."

Salihu ya danna mataccen agogonsa, ya ƙirga. Talatin da takwas.

"Mura ce. Ki riƙa ba ta ruwa da ɗumi, ki ruhe ta. Ku tahi abinku."

Habsatu ta dubi ƙirjin yarinyar, ta dube shi. "To, kai ka sani," ta ce, ta gyara goyo ta tafi.

Washegari da hantsi farar mota ta tsaya a ƙofar gidansa. Madam Rakiya ce daga Filinge, mai zagaya ƙauyuka tana auna aikin rele. Salihu ya san da zuwanta tun mako biyu, kuma tun lokacin tuwo ba ya wuce masa da daɗi. Labari ya bazu cewa wanda aka samu da kuskure za a karɓe rigarsa gaban jama'a. Ba wanda ya san wanda ya fara faɗa, amma kowane rele ya yarda.

Ya share ƙofar gida har sau biyu. Ya jera magunguna. Madam ta duba, ta yi tambayoyi, ya amsa kamar mai karatun allo. Har ya fara jin iska na shiga rigarsa.

Sai ta ce, "Malam Salihu, a kawo mani yaro ɗaya mai lahiya, in ga yadda kake ƙirga."

Aka miƙo jaririn maƙwabta da ke wasa a tabarma. Salihu ya danna agogo. Ya ƙirga, ya ƙirga, ya ce, "Ya cika. Ashirin."

Madam Rakiya tana kallon agogon hannunta. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ban ji ƙara ba."

"Na rage mashi murya, Madam."

"Wannan ba shi da wurin rage murya. Miƙo."

Ta buɗe bayansa da farce. Tsatsa ce ja, har ta ci batir. Ta ajiye shi a tabarma tsakaninsu.

"Daƙiƙa arba'in ka yi, ba sittin ba. Mintinka ya gaza da kashi ɗaya cikin uku. Tun yaushe?"

Salihu bai ji tambayar ba. Kansa ya tafi wani wuri. In ashirin ɗinsa talatin ne, to talatin da takwas nawa ne? Ya lissafa, ya sake lissafawa ko zai fito daban. Hamsin da bakwai. Yarinyar da ya ce mura ce da ita, numfashinta hamsin da bakwai, kuma tun da asuba uwarta ta nufi daji da ita, inda ba likita ba rele.

Gumi ya keto masa har cikin ido. Mutane sun kewaye su, maigari na zaune a kujera. In ya yi shiru, Madam za ta rubuta agogo ya lalace, ta ba shi sabo, ta wuce ƙauye na gaba. Ba wanda zai san zancen Amina. In wani abu ya faru can arewa, za a ce kwana ne ya ƙare.

Ya buɗe baki.

"Madam, akwai wata ɗiya. Jiya na ƙirga ta da wanga minti nawa."

"Nawa ka samu?"

"Talatin da takwas."

Madam ta miƙe tsaye tun kafin ya rufe baki. "Tana ina?"

Suka shiga mota da Salihu, suka sami rugar babu kowa, sai toka da kashin shanu. Direba ya leƙa hanyar arewa ya ce shi fa ba ya son la'asar ta same shi a wannan dajin, kowa ya san halin da ake ciki na ƴan bindiga. Madam ta ce, "To ka yi sauri."

Suka bi sawun garke. Ruwan da aka yi ya jiƙa ƙasa, mota na zamewa. Salihu na baya, ya rungume akwatin magani. Duk garken da suka hango sai su isa, a ce ba su ba ne, Bubakar ya yi gaba. Sau biyu haka. A na biyun wani dattijo ya ce ya ga matar ta sauka daga jaki tana jijjiga goyo. Salihu bai tambaye shi ko goyon na motsi ba. Ya kasa.

Bayan azahar suka same su a gindin wata aduwa. Shanu sun yi gaba, Habsatu na zaune da yarinyar a cinya, Bubakar na tsaye a kanta ya rasa abin yi. Amina ba ta kuka. Ƙasan ƙirjinta na lotsawa ciki da kowane numfashi.

Habsatu ta ɗaga kai. "Likita, na ba ta ruwan ɗumi kamar yadda ka ce."

Salihu ya durƙusa. "Ba mura ba ce. Ni na yi kuskure. Agogona ya mutu tun da daɗewa, na ɓoye."

Bubakar ya gyara riƙon sandarsa. Madam ta shiga tsakani. "Baffa, wannan zancen sai an dawo. Ɗauko ta."

Ta miƙa wa Salihu agogon hannunta, ya ƙirga cikin mota. Sittin da huɗu. Bai taɓa sanin minti na da tsawo haka ba.

Kwana biyar Amina ta yi a likita. Kwana biyu na farko majo ba ya cewa komai in an tambaye shi, sai "a yi addu'a". Salihu na zaune a waje kan dakali, ba riga, ba mai ce masa Likita. A rana ta uku yarinyar ta kama nono.

Ba a karɓe rigarsa ba. A taron wata, Madam Rakiya ta ajiye agogon mai tsatsa a tebur, ta ce duk rele ya ciro nasa ya danna. Su goma sha tara ne. Shida ba su yi ƙara ba. Kowa na tsoron a kore shi, kowa na ƙirga da mintin kansa. Daga ranar aka sa doka: kowane taro sai an danna agogo gaban majo, wanda nasa ya mutu a musanya masa ba tare da faɗa ba.

Da kaka Fulani suka dawo. Habsatu ta kawo Amina, ƴar mura ce ta gaske wannan karon. Salihu ya ɗaga sabon agogo zai danna, ta riƙe masa hannu.

"Kawo shi nan kusa da kunnena. In bai yi kuka ba, ba inda za ni."

Suka zauna shiru su uku, yana ƙirga, tana saurare, har agogon ya yi ƙara.

Darasi: Kayan aiki na lalacewa, wannan ba abin kunya ba ne. Ɓoyewar ce ke iya kashe ɗan wani. In kai ma'aikacin lafiya ne, faɗi abin da ya lalace tun yau. In kai mai duba aikinsu ne, kada ka sa su ji tsoronka fiye da tsoron rasa rai. Ku tura wa duk rele da majo da kuka sani, kuma ku faɗi daga shafin wa kuka samo, don na san halinku.