Birkin Hannun Dama

Akwai wani kafinta da kowa ke kira Takwas. Ba sunan yanka ba ne. Injin yanka katako ne ya ɗauke masa yatsu biyu na hannun hagu, abokan aikinsa kuma, da bakinsu ba ya shiru, suka ƙirga sauran suka laƙaba masa.

Bayan ya warke, aiki ya ja baya. Masu kawo gyaran ƙofa da kujera sai su dubi hannun, su ce za su dawo, shi ke nan. Abin ya ci masa rai, har ya rantse sai ya tuƙa keke daga ƙofar shagonsa zuwa inda titi ya ƙare a bakin teku, tafiyar kwana arba'in, don a san hannun nan bai mutu ba.

Matarsa ta ce, "Baban yara, hannu ake zargi, kai kuma ka tashi gwada ƙafa?"

Ya ce, "To da me ake riƙe kan keke? Da haƙori?"

Takwas yana da wa, mai gyaran keke, dattijo marar yawan magana. Yaya yake ce masa. Da labari ya iske Yaya bai ce a je ba, bai ce a fasa ba. Ya dai sauko da wani tsohon baƙin keke daga rataye, ya yi mako guda a kansa.

Cikin abin da ya yi har da sauya birki. A kekunan da ake sayarwa a wajensu, hannun dama shi ke kama tayar gaba, hagu na baya. Yaya ya san yatsu uku ba za su iya matsa birki a doguwar gangara ba. Sai ya mayar da birkin baya hannun dama, yadda ƙanensa zai damƙe da duk ƙarfinsa keken ya tsaya lafiya.

Ranar tashi ya ce, "Zo ka ji abin da na yi wa birkin nan."

Takwas na tsaye ana ɗaukarsa hoto. Ya ce, "Haba Yaya, birki ai birki ne." Ya hau ya taka.

Kwanakin farko sun ba shi wuya. Cinyoyi suka ɗaure, sirdi ya sale shi, rana ɗaya sai da ya yi faci sau huɗu. Kowace yamma in ya sauka yakan kira Yaya, ya juya keken ƙafafu sama, ya murza feda, ya kara wayar kusa da taya. Yaya ya saurara daga can.

"Sarƙa ta bushe, sa mai."

Ko kuma, "Tayar baya na gogar birki. Sassauta kaɗan, kaɗan fa na ce."

Kuma kullum hakan take.

Yana tafe yana sa hotuna a shafinsa na sada zumunta. Da farko matarsa ce da maƙwabta biyu ke dannawa. Kafin kwana ashirin mabiya sun yi dubbai. Ana tare shi a hanya, ana so a ga hannun, ana kiransa gwarzo. Takwas ya ji daɗi, daɗin kuma ya hau masa kai. Ya fara cewa a bidiyo, "Ni kaɗai na fito, ni kaɗai zan isa."

Daga kwana na ashirin da tara ya daina kiran Yaya. Yaya ya kira sau uku ba a ɗauka ba, sai ya bari.

Ana gobe zai isa, wani mai babban shagon kekuna a garin bakin teku ya same shi da mota, ɗauke da sabon keke ja mai ƙyalli.

Ya ce, "Gwarzo kamarka ba zai shiga gari a kan wannan gwangwanin ba. Gobe akwai masu hoto. Ka hau nawa, in ka tsallaka layin ƙarshe ya zama naka."

Takwas ya dubi tsohon keken. Fenti ya kankare, sirdi ɗaure da tsumma. A karon farko ya ji kunyarsa. Aka jefa tsohon keken bayan mota, mota ta yi gaba.

Washegari sabon keke ya yi ta gudu kamar ana tura shi. Hanya shimfiɗe take, bai buƙaci birki ba. Da la'asar ya hau tudun ƙarshe, ya hango teku da rumfunan da aka kafa masa. Saura kilomita uku, duk gangara.

Ya saki keken. A lanƙwasa ta biyu wata akuya ta ratso titi. Hannun damansa ya yi abin da ya saba yi kwana talatin da tara, ya damƙe birki iya ƙarfi. Tayar gaba ta kafe, ta baya ta tashi sama, Takwas ya wuce ta kan keken ya sauka a kwalta.

Allah ya tsare, ba karaya. Gwiwa ta fashe, kafaɗa ta sale, tayar gaba kuwa ta lanƙwashe ba ta ko juyawa. Ya ja jiki gefen titi ya zauna. Wayarsa ta tsage ta mutu. Ga teku yana gani, ga shi ba abin hawa. In ya shiga mota, tafiyar kwana arba'in ta tashi a banza, masu cewa hannun ya mutu sun yi gaskiya.

Yana nan zaune sai ya hango wani yana turo keke daga ƙasa, yana tsayawa yana haki. Baƙin keke ne, sirdi ɗaure da tsumma.

Yaya ne. Kwana biyu ya yi a motar haya don ya ga isowar ƙanensa. Ya tsaya, ya dubi gwiwar, ya dubi jan keken.

Ya ce, "Na ga wannan a bayan mota. Na tambaya me ka hau, aka nuna min irinsa. Ina matsa birkin dama na ji tayar gaba ta kama, na san inda zan same ka."

Takwas ya buɗe baki, "Yaya, ni..."

"Maganar ta jira. Rana na faɗuwa. Hau."

"Kai fa?"

"Da ƙafa na zo duniya."

Takwas ya hau. Ya matsa birkin dama a hankali, ya ji tayar baya ta kama. Sai a lokacin ya fahimci abin da aka so gaya masa ranar tashi. Kunya ta rufe shi, ya gangara bai ɗaga kai ba.

Da jama'a suka hango shi suka ɗau ihu. Saura taku goma ya kai layi, sai ya tsaya ya sauke ƙafa.

Aka yi ta cewa, "Ƙarasa mana! Ƙarasa!"

Ya ce, "Akwai wanda nake jira."

Mai shago ya zo a fusace yana tambayar kekensa. Takwas ya ba shi haƙuri, ya gaya masa inda yake. Mutumin ya naɗe ƙyallen tallansa ya tafi. Masu hoto suka yi tsaki, rabinsu suka watse. Takwas na tsaye, jini ya bushe a ƙaurinsa, fiye da rabin awa.

Can Yaya ya iso yana jan ƙafa. Takwas ya sauka, ya kama kan keken ta hagu da yatsunsa uku, ya ce, "Yaya, riƙe dama." Haka suka tura shi suka tsallaka layin tare, gaban mutanen da ba su fi ashirin ba.

Yaya bai tsaya hoto ba. Ya tsuguna, ya ɗaga tayar baya, ya murza feda, ya kasa kunne.

"Sarƙar nan kwana nawa ba ta ga mai ba?"

Takwas ya sunkuyar da kai. "Goma sha ɗaya."

Yaya ya ce, "Na sani. Kullum da yamma ina zaune da waya a hannu, ina ƙirgawa."

Darasi: Duk nisan da ka yi, akwai wanda ya gyara maka hanya ta inda ba ka lura ba, domin ya san rauninka kuma bai tona ba. Kada tafin baƙi ya sa ka daina ɗaukar wayarsa. Ku tura wa 'yan uwa su karanta, kai kuma ka kira naka Yayan yau.