Hatimin Nazir Bayan Arba'in

Akwai wani yaro a Birni, Nazir, mai ƙera manhajar salula. Gwani ne, ya kuma san gwani ne.

Kowace manhaja da hatiminta na sirri a cikin ordinatar, wato kwamfutar wanda ya ƙera ta. Salula ba ta yarda a sabunta mata manhaja sai ta ga hatimin nan.

Nazir ya ƙera uku, duk da hatimi ɗaya. Babbar ita ce ta manoma, mai faɗin zuwan ruwa da muryarsa. Ƙanwarsa Zuliha ta ƙera ta masu juna biyu, mai tuna musu ranar awo.

"Kawo in buga miki nawa," in ji shi.

"A'a Yaya. Kowace da nata. In naka ya faɗa hannun wani fa?"

"Ke da tsoro kamar kaza! Sarki ɗaya, hatimi ɗaya."

Ta yi nata daban.

Zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke Nazir. Dangi suka sayar da ordinatar a kasuwa, ba wanda ya tambayi abin da ke ciki.

Bayan arba'in, da rana tsaka, Habibu manomin Gaffati na zaune gindin gawo, salularsa ta yi magana.

"Ruwa na tafe jibi. Ku yi binne."

Muryar Nazir ce, har da ɗan tarin nan nasa.

Matar Habibu ta saki ƙwarya. "Malam, wannan ba shi muka yi wa gaisuwa ba?"

"Salula ta karɓa, hatiminsa ne. Ƙila ya bari kafin ya tafi."

Ashe wanda ya sayi ordinatar ne ya taɓa abin da bai sani ba, ya saki saƙon bara, aka yi ta tura wa juna.

Habibu ya binne irin geronsa kaf. Aka yi yayyafi, iri ya tsiro, rana ta ƙone shi.

Zuliha ta bi ƙauyuka tana roƙo a goge ukun duka, don hatimi ɗaya ya haɗa su. Tata kaɗai ta tsira. Habibu ya goge, amma har yau in salula ta yi ƙara sai ya waiga.

Darasi: Ni ban shiga lakwal na yi boko ba, amma ban taɓa yi wa rumbu da ɗaki da akwati mabuɗi ɗaya ba. Ku raba hatimi, ku san hannun da zai faɗa bayanku. Ku tura wa 'ya'yanku masu taurin kai.