Ramin da Mala Ya Rufe da Ƙafa

Ƙanena Mala mutum ne da bai taɓa cewa "ban sani ba" a gaban jama'a ba. Ni na goya shi, don haka ba tsegumi nake yi ba. Ba rago ba ne, ba macuci ba ne, bai taɓa matsar da iyakar gonar kowa ba. Aibinsa guda ne: ya fi son a ce ya sani a kan sanin kansa.

Muna zaune a wani ƙauye kusa da Adogi, a gefen garin Lafiya. Babanmu ne ya koya wa Mala duban damina. Idan ɗorawa ta nuna, shamuwa ta sauka a kan rimin bakin gari, iska kuma ta juyo daga kudu, to ruwan da ya biyo baya shi ne na shuka. Sama da shekara talatin Mala yana faɗa ana bi. Mu da Alago da Eggon da Tibi, ba mai jefa iri a ƙasa sai ya tambaya, "Baba Mala ya shuka?" Kuma a gaskiya a da ba ya kuskure.

Ni Bintu sana'ata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. A gidanmu ɗa namiji ke noma, 'ya mace ke ajiye iri. Inna ta bar mana wata gyaɗa ja, ƙanana ce, amma ga mai ga ƙanshi. Ita ma wurin uwarta ta gada. Duk kaka nakan ware iri da ɓawonsa, in zuba a randa, in barbaɗa toka, in liƙe baki da laka. A da randa huɗu nake cikawa. Shekarun nan abin yana ta ja baya, har a kakar da nake ba da labarinta randa biyu kacal na samu.

A ranin nan ne wasu mutane daga Lafiya suka buɗe makarantar manya a ajin firamaren garinmu, Talata da Alhamis bayan la'asar. Malamar kuwa Juwairiya ce, 'yar Bobbo mai shanu, wadda muka sani tun tana tallar nono. Aka ce ban da karatu da rubutu za ta koyar da abin da ake kira sauyin yanayi.

Ni ba karatu ya kai ni ba. Boko na koya wa kaina da littattafan jikoki da rubutun jikin buhun taki. Na je ne in kama ta da ƙarya.

Ranar farko ba ta taɓa allo ba. Sai ta dube ni ta ce, "Inna Bintu, shekarar da aka yi aurenki, a wane wata rafin bayan gari ke ƙafewa?"

Na ce, "Ba ya ƙafewa. Da rani ma muna kama tarwaɗa a ciki."

"Yanzu fa?"

"Yanzu kafin a gama sussukar dawa sai yashi."

Ta ce, "To kin ga ba ni na kawo muku labarin ba. Ku kuka ba ni. Ni sunansa kawai na kawo."

Yarinyar ta kama ni kafin in kama ta.

Abin da ta koya mana ba mai yawa ba ne, kuma ba mai wuya ba. Ta ce zafi ya ƙaru a duniya baki ɗaya, damina ta daina bin tsohon lokacinta. Ruwan farko yanzu yakan zo da ƙarfi ya yaudari mutum, sa'an nan sama ta yi shiru mako biyu ko uku. Ta ce idan an yi ruwa, a tona rami a gona, a auna da taƙi. In laima ba ta kai taƙi guda ba, a haƙura a jira na gaba. Ko ta kai, kada a zuba iri duka a rana ɗaya, a raba, a bar na gyara.

Da ƙafarta ta je har ƙofar gidan Mala, ta durƙusa. Ina wurin, don gida ɗaya muke.

Ta ce, "Baba, ka zo ka koya mana alamun da ka sani, mu haɗa da abin da muka samo. Mu duba wanne ke nan, wanne ya canza."

Ya ce, "Ke da na ci naman sunanki? Ubanki ma ni yake tambaya kafin ya juya shanunsa."

"Shi ya sa na zo, Baba."

"In zauna a benci ɗaya da mata, ina ɗaga hannu? Tashi ki je, Allah ya yi albarka."

Bai shiga ajin ba ko sau ɗaya. Sai dai wani abin mamaki, kekensa ya ɗauki wata irin cuta. Duk Talata da Alhamis bayan la'asar sarƙarsa ke faɗuwa, kuma ba ta faɗuwa ko'ina sai a gindin mangwaron da ke bayan tagar ajinmu. Wata rana na leƙa na ce, "Mala, ko a miƙo maka benci ta taga?" Mata suka kwashe da dariya. Ya ce min in ji da abin da ya kai ni.

Ruwan farko ya sauka wata Laraba da azahar. Ruwa ne mai ƙarfi, ya kwashe kajin mutane, ya cika kwatami, amma bai kai sa'a guda ba ya ɗauke. Ɗorawa ta riga ta nuna, shamuwa kuma tana kan rimi. Bayan sallar magariba Mala ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce gobe shuka.

Da sassafe ya shigo ɗakina.

"Yaya Bintu, fasa randunan."

Na ce, "Ɗaya zan fasa."

"Ɗaya ba za ta cika gonar bakin hanya ba."

"To kada ta cika. Ka shuka rabi, in an sake ruwa ka ƙarasa."

Ya ce, "Gonar da kowa ke bi ta gefenta? A ga Mala ya shuka rabi ya bar rabi? Ai cewa za a yi na fara shakkar kaina."

"Irin Inna ke nan gaba ɗaya. In ya tafi ba shi a ko'ina."

"Ke da kika yi wata biyu a makaranta har kin fi Baba sanin ruwa?"

Da ya ambaci Baba sai na gaji da gardama. Na fasa duka biyun. Matan gida suka zauna ɓara, kafin hantsi an gama, ya ɗaure a keke ya tafi. Zuciyata ta ƙi kwanciya, na ɗauki mayafi na bi shi.

Ta bayan gonar na ɓullo, bai gan ni ba. Yana tsugune. Ya tona rami da fartanya, ya zura hannu, ya buɗe taƙinsa yana aunawa, daidai yadda Juwairiya ta nuna mana. Na matso na tsaya a kansa. Laimar ba ta wuce yatsa uku ba. Daga nan zuwa ƙasa busasshiya ce ƙamas, har ƙura take yi.

Ya ɗago ya dube ni. Ni ma na dube shi.

Na ce, "Ka gani."

Ya ce a hankali, "Na gani. Yau shekara biyar ina ganin alamun suna canzawa, Yaya."

"To ɗaure buhun mu koma gida."

Wallahi ya kai hannu ga buhun. Sai muka ji muryoyi. Maƙwabcinmu na gona ne, Ortese, wani Batibi, da wasu magidanta huɗu, kowa da irinsa a kai. Ortese mutum ne mai yawan raha, shekara ashirin yana shuka bayan Mala.

Tun daga nesa ya ce, "Baba Mala, ina kwana. Matata ya ce wai in tona rami kafin in shuka. Na ce masa ni ba gafiya ba ne, ina da Baba Mala. Yaya ne, mu zuba?"

Ina kallon ƙafar ƙanena. A hankali ya tura ƙasa ya rufe ramin, ya taka a kai.

Ya ce, "Ku zuba. Damina ta zauna."

Duk garin nan an san ni da baki. Na taɓa tsayar da mai gari a kan hanya na faɗa masa gaskiya. Amma ranar nan na yi shiru, don kada in kunyata ƙanena a gaban maza. Wannan shirun nawa ne, ba zan ɗora wa kowa ba.

Gyaɗar ta tsiro a kwana shida, layi-layi, gwanin sha'awa. Mala ya riƙa tsayawa a bakin hanya yana amsa gaisuwa. Sa'an nan sama ta wanke tas. Kwana goma babu ko gajimare. Kwana goma sha biyar ganye ya fara naɗewa da tsakar rana. Mala ya shiga jan ruwa a jarka daga rijiyar burtsatse, jarka biyu a keke, yana bin layi da moɗa. Mutum mai shekara sittin da biyu, gona kuwa ta fi eka. In ya shayar da layi uku, kafin ya dawo na farko ya bushe. Na ce ya bari kada ya faɗi. Ya ci gaba da jan ruwansa. Kwana ashirin da uku aka yi ba ruwa. Da na je na murza wani tsiro, sai ya zama gari a hannuna.

Da ruwa ya dawo, ya dawo da gaske, kwana biyu a jere. 'Yan ajinmu suka tona, laima ta wuce taƙi, suka shuka. Ba zan ce sun yi arziki ba, shekarar ba ta yi wa kowa daɗi ba, amma sun ci abin da suka noma. Waɗanda suka bi Mala kuwa sai da suka sayar da akuya ko kaza suka nemo wani irin a kasuwa.

Ortese ya zo gidan. Na ɗauka faɗa ya kawo, har na gyara ɗaurin zane. Sai ya zauna a kan dakali. Masararsa da agushinsa duk sun ƙone.

Can ya ce, "Baba, ni ban je makarantar nan ba, don kai ne makarantata. In da ka ce min ba ka tabbata ba, da na jira. Ba zan raina ka ba."

Mala ya sunkuyar da kai. Ortese ya sha ruwan da na ba shi, ya yi sallama ya tafi. Da ya zage shi, ina jin da ya fi masa sauƙi.

Ni kuwa na shiga neman gyaɗar Inna. Na bi gidajen da na taɓa ba wa kyauta. Na je wurin 'yar ƙanwata a Assakio, na je kasuwar Lafiya ina duba tiya-tiya. Wasu sun soye tasu, wasu sun gauraye ta da wata tun tuni. Ban samu ko tafin hannu ba. Irin kasuwa muka shuka. Manya ne, masu kyan gani, amma da na yi ƙuli na farko wata tsohuwar mai saye ta gutsura ta ce, "Bintu, wa ya yi miki wannan?" Na ce ni ce. Ta ce, "A'a." Ban yi mata musu ba.

Mala ya yi damina guda ba ya tsayawa a ƙofar masallaci. Kekensa ma ya warke. Da rani ya zagayo aka sake buɗe aji, wata Alhamis muna tsaka da karatu sai ga shi a bakin ƙofa. Ba wanda ya yi dariya. Juwairiya ta miƙe za ta ba shi kujerarta, ya girgiza kai, ya wuce bencin baya ya zauna kusa da matar Ortese. Daga baya malamar ta sa shi ya faɗi alamun Baba ɗaya bayan ɗaya, tana rubutawa a allo, muna duba wanda ya rage da wanda ya daina aiki. Ashe abin da ta roƙe shi tun farko ke nan, bai fi haka ba.

Da ruwan farko na shekarar ya sauka, mutum uku ne kawai suka zo ƙofar gidansa. A da sai a cika layin. Ortese na cikinsu.

Ya ce, "Baba Mala, mu zuba?"

Ina daga zaure ina ji. Mala ya daɗe yana kallon sama. Sa'an nan ya ce, "Ban sani ba. Ku ɗauko fartanya mu je mu tona."

Suka tafi su huɗu. Ni kuma na koma ɗaki. Randunan nan biyu suna kusurwa har yau, na wanke su na kife. Kalma uku ce ya faɗa, ba ta rage shi da komai ba. Da ya faɗe ta shekara guda kafin nan, da suna cike.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne: duniyar da iyayenmu suka karanta ta canza, kuma ba laifinsu ba ne, ba laifinmu ba ne don mun koma neman sani da furfura. Laifin shi ne mutum ya ga gaskiya da idonsa ya take ta da ƙafa don kada a ce ya jahilta. Wanda jama'a ke bi, girman kansa ba shi kaɗai yake cuta ba. Wanda kuma ya gani ya yi shiru don kara, kamar yadda na yi, yana da nasa kason. In an buɗe aji a garinku, ku shiga ta ƙofa ku zauna, ko wa ke koyarwa. In ba ku sani ba, ku ce ba ku sani ba tun iri yana cikin randa.