Kwana Goma Sha Ɗaya a Asusun Amana

Akwai wani lauya da ake kira Dogo. Ofishinsa ɗaki biyu ne a saman wani shagon sayar da fenti, da fanka mai ƙara da kabad cike da fayil. Ba mai kuɗi ba ne, amma mutane sun yarda da shi.

Cikin waɗanda yake yi wa aiki akwai wani tsoho mai gyaran keke. Motar wani kamfani ta buge shi, aka yanke masa ƙafar hagu. Shekara uku Dogo yana bin shari'ar, har kotu ta sa aka biya diyya. Kuɗin suka shiga asusun amana, wato asusun da lauya ke ajiye kuɗin mutane daban da nasa. Doka ta hana shi taɓa su sai da izinin mai su.

Tsohon ya ce, "Ɗana, riƙe min su. In suka shigo gidana, 'yan uwan da ban taɓa gani ba za su zo gaisuwa."

A watan nan mai gini ya zo da kwaɗo a hannu. Haya ta wuce wata huɗu, ya ce ko kuɗi ko ya rufe ofis. Dogo yana jiran wani biya da bai iso ba. Ya daɗe yana kallon takardar banki, sannan ya ce a ransa aro ne kawai. Ya ɗiba daga kuɗin tsohon, abin da ya rage bai kai rabi ba.

Kwana biyar da haka sai ga tsohon ya hawo bene da sanduna, yana haki.

"Ɗana, asibiti sun ce masu auna ƙafar roba sun zo, jibi za su tafi. A ba ni rabin kuɗin."

Dogo ya shiga jujjuya fayil. "Baba, na'urar banki ta samu matsala. Sai mako mai zuwa."

"To, Allah ya kai mu," in ji tsohon. Ya juya ya sauka a hankali, mataki ɗaya bayan ɗaya.

Rana ta goma sha ɗaya biyan da Dogo yake jira ya iso, ya mayar da kuɗin cif. Amma masu ƙafar roba sun tafi. Wata huɗu tsohon ya ƙara a kan sanduna kafin su dawo.

Ƙarshen shekara mai bincike daga ƙungiyar lauyoyi ya ga fitar kuɗin da komawarsu. Aka kira Dogo gaban kwamitin ladabtarwa. Lasisinsa ne ke cikin haɗari, kuma da shi yake ci da iyalinsa.

Mutum uku ne a kwamitin, shugabarsu wata dattijuwar lauya mai tabarau. Aka shigo da tsohon a matsayin shaida, yana takawa da sabuwar ƙafarsa.

Shugabar ta ce, "Baba, ka yi asarar wani abu a hannun wannan lauya?"

"Ko sisi, ranki ya daɗe. Ƙafa ce kawai na rasa, ita ma ba shi ya tuƙa motar ba."

Aka yi 'yar dariya. Shugabar ta duba abokan zamanta. Kuɗi sun dawo, mai su bai yi ƙorafi ba, kuma laifin farko ne. Ta fara rubuta gargaɗi.

Dogo ya kalli ƙafar robar, da takalmin da aka ɗaure mata wanda bai zauna daidai ba. Ya miƙe.

"Ranki ya daɗe, akwai abin da babu a takarda. Baba ya zo neman kuɗinsa a cikin kwanakin nan, don ƙafa. Na yi masa ƙarya na ce banki ne. Wata huɗu ya yi yana jan jiki saboda ni."

Shugabar ta ajiye biro.

"Ka san abin da ka jawo wa kanka?"

"Na sani."

Aka dakatar da shi shekara ɗaya. Da ta gama karanta hukuncin ta cire tabarau ta ce, "Lauya, ka dawo. Muna jiranka."

A baranda Dogo ya tarar da tsohon zaune a benci. Ya durƙusa gabansa.

"Baba, ka yafe min."

"Tashi, kada ka ɓata wando. Ai na sani tun ranar. Da na sauka daga wurinka na bi ta ƙofar bankin, na ga mutane suna fitowa suna ƙirga kuɗinsu lafiya lau."

"To me ya hana ka faɗa musu?"

"Shekara uku kana tsaya min a kotu, har kuɗin mota kake ba ni. Ba da bakina za a kayar da kai ba. Amma da ka fita yau ba ka faɗa ba, da ka gama ganin ƙafata a ofishinka. Duka biyun."

Dogo ya yi dariya, hawaye na zuba.

Shekarar ta yi masa tsawo. Ya saki ofis, ya koma koyarwa a wata makaranta, matarsa ta riƙe sauran da ɗinki. Da aka mayar masa da lasisi ya kama ɗaki guda a ƙasa. Mutum na farko da ya shigo tsohon ne, da takardun fili a leda, da maƙwabtansa biyu a baya.

Ya nuna Dogo ya ce musu, "Ga shi nan. Wannan in ya yi laifi, da kansa yake kai ƙarar kansa."

Darasi: Kuɗin amana ba na aro ba ne, ko na kwana ɗaya, ko da niyyar mayarwa. Kana iya mayar da kuɗi, amma ba ka iya mayar wa mutum kwanakin da ya sha wahala. In ka riga ka zame, faɗi da bakinka kafin a tambaye ka. Ku tura wa duk wanda kuka san yana riƙe da abin wani.